Tsokaci Kan Ƙamusun Watkins: Kalmomin Gauraya Da Asalinsu

Littafin da muka ɗauko a wannan fitowa ba na ƙagaggen labari ba ne, ɗan ƙaramin ƙamusu ne da Calvert Watkins, shehun malami a Jami'ar Habad ta Amurka, ya fitar a 1985, mai suna The American Heritage Dictionary of Indo-European Roots. An sake buga shi da gyare-gyare a 2000 da 2011, kafin rasuwar marubucin a 2013. Aikinsa shi ne bin salsalar kalmomin Ingilishi zuwa wani tsohon harshe da ba a taɓa rubuta shi ba, wanda manazarta suka ce shi ne kakan Latin da Girkanci da Sanskirit da Farisanci da Jamusanci da Rashanci. Tun 1786 da William Jones ya faɗa a Kalkata cewa Sanskirit da Girkanci da Latin tsatsonsu ɗaya, ake ta wannan tono. Duk kalmar da mai karatu ya gani da alamar tauraro a gabanta, to ba wanda ya taɓa ganin ta a rubuce, ƙiyasta ta aka yi.

Da yake ba a auna gari duka, mun ɗebi mudu ɗaya, wato saiwar *meik- mai ma'anar gauraya.

A Sanskirit ana cewa miśra, abin da aka gauraya. A Lituwaniyanci maišyti, a Rashanci meshat', a Latin miscere, a tsohon Girkanci meignumi. Mai karatu zai ce ai kama ce kawai. To amma hujjar ba kamar ba ce, daidaituwar sauyin sauti ce. Inda Latin ke da "k", Sanskirit da Lituwaniyanci sukan kawo sauti mai kama da "sh" namu. Ɗari a Latin centum ce (kentum ake furtawa), a Sanskirit śatam, a Lituwaniyanci šimtas. Goma kuma decem, daśa, dešimt. Sauyin da ya auku a ɗari da goma shi ne ya auku a kalmar gauraya. A nan ne kuma muka fara samun littafin da rauni, domin a ƙarƙashin wannan saiwa ba ya jera wa mai karatu waɗannan shaidu. Abin da ya dame shi kawai kalmomin da suka ƙare a bakin Bature ɗan Ingila. Wanda ke son ganin Sanskirit da Lituwaniyanci kafaɗa da kafaɗa sai ya nemi babban ƙamusun Julius Pokorny na 1959, shi kuwa da Jamusanci aka rubuta shi, kuma ya tsufa.

Amma inda littafin ya yi rawar gani, dole mu yaba. Kalmar mix da kowane ɗan makaranta ya sani ba gadon gida ba ce a Ingilishi, daga mixtus ta Latin ta biyo. Meddle, wato shisshigi, da medley da mêlée, wato rincimin faɗa, duk ta Faransanci suka ratso daga miscere ɗin nan. Mai shisshigi ke nan shi ne wanda ya cakuɗa kansa cikin abin da ba nasa ba. Mestizo ta Sifaniyanci ita ce ruwa-biyu. Wadda ta fi ba mu sha'awa ita ce mustang, dokin dajin Amurka. Asalinta mesteño, dabbar da ba a san mai ita ba, daga Mesta, ƙungiyar makiyaya ta ƙasar Kastil wadda Sarki Alfonso na 10 ya ba izini a 1273. Sunan ƙungiyar kuwa, a bisa ra'ayin da littafin ya bi, daga mixta ne, dabbobin da suka cakuɗe a makiyaya har sai an zauna an rarrabe su. Daga garken tumaki a Sifen zuwa doki a dajin Amurka, wannan tafiya kaɗai ta ishi marubuci ya gane cewa ma'anar kalma ba ta zama inda aka haife ta.

Bayan *meik- akwai wasu saiwoyi biyu masu ma'ana makusanciya. Ɗaya ta haifi kratēr ta Girkanci, babbar kasko da Girkawa ke zuba ruwa cikin ruwan inabi kafin su sha. Daga siffar kaskon aka sa wa bakin dutse mai aman wuta suna crater, kuma har yau Girkawa krasi suke kiran ruwan inabi, wato abin da aka haɗa. Ɗayar ta haifi ius ta Latin da yūṣa ta Sanskirit, duka romo ke nan, inda juice ta fito. Ingilishi yakan rasa yadda zai bambanta ukun sai da dogon bayani. Mu kuwa da muke dama fura, mu kwaɓa gari, mu surka ruwan wanka, mu gauraya hatsi, ba mu mamakin a ce harshe ɗaya ya mallaki kalmomi uku na wannan aiki. Abin da Bagirke ke yi a kaskonsa surki ne, ba wani abu ba.

Saura jan kunne ga 'yan'uwa masu sha'awar asalin kalmomi, don mun sha ganin maƙalu inda kamar sauti kaɗai take zama hujja. Hausa ba ta cikin wannan dangi, ita ta rukunin Cadi ce a dangin harsunan Afirka da Asiya, tare da Larabci. Saboda haka Misra da muka sani, ƙasar Masar, ba ta haɗa komai da miśra ta Sanskirit ba, duk da kunne ba ya raba su. Abin dariyar ma shi ne a Indiya akwai duka biyun: Mishra, sunan dangi, daga kalmar Sanskirit ɗin yake, amma misri, sukarin nan mai ƙanƙara da suke tsotsa, sunansa daga Misra ya je musu, wato sukarin Masar.