Maƙwabci ko bindiga?

Ɗan'uwa mai karatu, hirarmu ta yau a kan wani sinima ce. Ko ba ka gan shi ba, zauna in ba ka labarinsa. Sa'an nan in gaya maka inda ya yi daidai da inda ya gaza.

Wani Bafaranshe, Xavier Beauvois, shi ya yi shi a shekara ta 2010. Sunansa Des hommes et des dieux, wato "Mutane da alloli". Daga Zabura aka ɗauko sunan, kada ya kore ka. Labarin gaskiya ne. Ya faru a Aljeriya, ƙasar da ƴan'uwanmu da yawa suke zuwa ci-rani.

A ƙauyen Tibhirin, kusa da garin Medeya, waɗansu Kiristoci Faransawa suna da gidan ibada. Ba su aure. Aikinsu addu'a da noma. Mutanen ƙauyen kuwa duk Musulmi ne. A 1992 yaƙi ya tashi tsakanin soja da ƴan bindiga masu cewa don addini suke yi. Daren 26 ga Maris 1996, aka zo aka tafi da bakwai daga cikin Kiristocin nan, biyu suka tsira. Cikin watan Mayu aka tsinci kawunansu. Ƙungiyar ƴan bindiga ta GIA ta ce ita ta kashe su, amma akwai masu tuhumar soja.

Ga abin da na yaba. Mai sinima bai yi gaggawar kai mu ga jini ba. Zaman yau da kullum ya fara nuna mana. Ga tsoho Luk, likita, ya wuce shekara 80, yana duba marasa lafiya kyauta. Ga su suna kai zuma kasuwa. An gayyace su bikin kaciya, sun je sun zauna cikin jama'a. Shugabansu, Kiristiyan, yana karanta Alƙur'ani don ya san maƙwabtansa. Ba wanda ya ce da wani ya bar addininsa.

Da abu ya yi zafi, hukuma ta ce za ta sa soja su tsare gidan. Kiristiyan ya ƙi. Daren Kirsimati ƴan bindiga suka shigo, ya ce ba a shiga gidan nan da makami. Kuma sinimar ba ta ɓoye tsoronsu ba. Waɗansu sun so su koma Faransa. Mutanen ƙauye suka roƙe su su zauna. Sannu a hankali kowa ya yanke shawara, suka zauna. Wannan wuri ya yi kyau ƙwarai, domin mutane muka gani masu jin tsoro kamar ni da kai.

To, ga inda ya gaza. Mun san zuciyar kowane Bafaranshe, amma Musulmin ƙauye sun zama kamar bangon ɗaki. Alhali su ma wuƙar tana bisa wuyansu. Dubun-dubatar Musulmi suka mutu a yaƙin nan, har da limamai da yawa. A baki ake ambatonsu, a wuce.

Akwai kuma labarin da bai nuna ba. Lokacin yaƙin neman ƴancin Aljeriya, Kiristiyan yana saurayi cikin sojan Faransa. Aka zo kashe shi, sai wani abokinsa Musulmi, Muhammadu, mai ƴaƴa goma, ya shiga tsakani. Kashegari aka iske gawar Muhammadu. Da an nuna wannan, da mai kallo ya gane abin da ya ɗaure Kiristiyan da ƙasar.

Na ƙarshe: kirkin maƙwabta ya riƙe su shekaru da yawa, amma bai hana a kashe su ba. Tsaron ran kowa da binciken gaskiya aikin hukuma ne. Sinimar ta ƙare suna tafiya cikin ƙanƙara, ba ta matsa wa hukuma da tambaya ba.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ranar 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, da ranar 17 a Yamai, an ƙone majami'u da yawa saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa. Mutum 10 suka mutu. Kiristocin da aka ƙone wa ɗakin ibada ba su suka yi zanen ba. A ranakun nan waɗansu Musulmi sun ɓoye maƙwabtansu Kirista cikin gidajensu.

Saboda haka, in ka sami hanya ka kalli sinimar, ta cancanta. Amma in an gama, ku zauna da abokan karatunka ku yi tambayar da ta bari: in wuta ta taso gobe, ƙofar wa maƙwabcinmu Kirista zai buga?