Jinjina ga masu sayar da rai a madadin James Bond

A gidajen kallo na Dutse da Kiyawa, idan Bond, ɗan leƙen asirin Ingila, ya tsallake rijiya da baya, Sean Connery ko Roger Moore ake tafa wa. Alhali wasu bayin Allah ne suka yi kasadar, fuskarsu a ɓoye, sunansu can ƙarshe bayan kowa ya watse.

Wanda ke juyowa ya yi harbi a farkon fim ɗin Dr. No na 1962 ma Bob Simmons ne, ba Connery ba. Ross Kananga kuwa ya fi burge ni. A Live and Let Die na 1973, shi ya bi ta kan gadon bayan kadoji masu rai a Jamaika a madadin Moore. Sau huɗu yana kasawa, yana sake ɗaura ɗamara, sai a na biyar ya haye.