Kufan da Ya Zama Gida: Littafin da Ya Koya Mini Cewa "To"

Duk mai jan wasan Dungeons & Dragons ya san wannan lokacin. An yi dare huɗu ko biyar ana fafatawa a cikin wani tsohon kurkuku na ƙarƙashin ƙasa, an kori dodanni, an kwashe dukiya, kai kuma ka riga ka naɗe taswirar kana shirin kai jama'arka gari na gaba. Sai wani daga cikin 'yan wasan ya ɗago kai ya ce, "Tsaya tukuna. Wurin nan fa yanzu ba shi da mai shi. Me zai hana mu zauna?" Da can gabana faɗuwa yake yi idan na ji wannan tambaya. Yau kuwa ita nake jira, kuma littafin Strongholds & Followers na Matt Colville ne ya sauya mini zuciya.

Ga wanda bai taɓa gani ba, wasan kamar tatsuniya ne da ake ƙagawa tare. Mutum ɗaya ne mai jan wasa, shi ke bayyana duniya da abin da ke cikinta, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda ya faɗi abin da jarumin zai yi, sai a jefa dayis mai fuska ashirin ya raba gardama. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da shi a Amurka a 1974. Tun a wancan bugu na farko, mayaƙin da ya kai babban matsayi yana da damar gina ganuwarsa, ya mallaki ƙasa, ya karɓi haraji. A bugun da ya biyo baya ma, mataki na tara shi ne inda mayaƙi ke zama mai gari. Sannu a hankali wannan al'ada ta dushe, jarumai suka koma matafiya marasa adireshi, yau a masauki, gobe a daji, aljihu cike da zinare ba abin saye.

Colville marubuci ne da ya yi aiki a masana'antar wasannin kwamfuta, ya kuma yi suna da darussansa na Running the Game a YouTube tun 2016. A 2018 ya nemi gudummawa a Kickstarter don ya rubuta wannan littafi. Dala dubu 50 ya nema, mutane sama da dubu 28 suka tara masa fiye da dala miliyan 2. Wannan kaɗai ya isa ya nuna ƙishirwar da ake fama da ita.

To me ke ciki? Matsuguni iri huɗu ne: ganuwa ta masu son dakaru, hasumiya ta masu binciken sihiri, wurin bauta, da kuma wurin sana'a irin gidan baƙi ko gidan wasan kwaikwayo, wanda ke kawo kuɗi da labaran sirri. Kowanne yana da farashi da kwanakin gini. Ganuwa, alal misali, tsabar zinare 10,000 ce da kwana 150. Kowanne kuma yana hawa daga mataki na ɗaya zuwa na biyar. A nan ne zinaren da ya yi ta taruwa a buhu ya sami aikin yi, kuma wallahi ban taɓa ganin 'yan wasana suna lissafi da zumuɗi irin na ranar da suka fara ƙidaya nawa ya rage su ɗaga bango ba.

Amma abin da ya sace zuciyata shi ne yadda wurin ke ɗaukar halin mai shi. Kowane irin jarumi yana da nasa salo: mawaƙi da dandalinsa, ɓarawo da mashayarsa, masanin sihiri da ɗakin littattafansa, mutumin daji da kurminsa. Ƙasar da ke kewaye ma tana sauyawa ta bi ɗabi'ar sabon maigida. Ka ga a wasan, manyan dodanni suna da wani ƙarfi na musamman idan aka same su a cikin raminsu. Colville ya ɗauki wannan gata ya miƙa wa 'yan wasa, ta yadda idan maƙiyi ya biyo ka har gida, gidan da kansa zai taya ka faɗa. Kai, wannan dabara ta yi kyau! Shekara da shekaru su ne masu kutsawa gidan wani suna tsoron bango da daɓe. Yanzu kiɗa ya canza, bangon nasu ne.

Sannan ga mabiya. Da zarar tuta ta tashi, sai a jefa dayis a ga wa zai ƙwanƙwasa ƙofa: rundunar mayaƙa, ko barde mai neman ubangida, ko maƙeri, ko magini, ko jakadan wata al'umma. Kowane baƙo labari ne da ya zo da ƙafarsa. A teburina maƙerin da dayis ya kawo mana ya zama mutumin da aka fi ƙauna a duk wasan, har ranar da aka sace shi ba wanda ya tsaya tambayar lada kafin a ɗaura sirdi.

Littafin bai tsaya ga dokoki ba, ya zo da cikakken labari mai suna The Siege of Castle Rend, wanda James Haeck ya rubuta. Jarumai za su tashi daga ƙauyen Gravesford su shiga daji, su tarar da rusasshiyar fada a hannun dodannin White Tusk. Idan sun karɓe ta, ba a nan zancen ya ƙare ba, domin mai mulkin yankin, Saxton, ba zai zuba ido wasu su kafa tuta a ƙasarsa ba. Sai ga runduna a bakin ƙofa. Waɗanda suka shigo jiya da takobi a zare, yau su ne a kan bango suna kare wurin. Ramin da suka faɗa, yanzu su ke rufe shi da ganye suna jiran wani. Ƙofar sirrin da ta ba su wahala, yanzu ita ce hanyar tsirarsu. Ban san wani darasi da ya fi wannan nuna wa mai jan wasa amfanin tsohuwar taswira ba.

Daga nan na ɗauki hanyar da nake bi duk lokacin da jama'ata suka ce sun ga gida a cikin kogo. Farko ina cewa to, da zuciya ɗaya, ba tare da ɓoye wata mugunta a baya ba. Ina cajin su rabin kuɗin sabon gini, tunda bango da rufi suna nan. Daga nan sai in bar wurin ya yi ta yi musu tambayoyi. Ina ruwan sha? Ta ina hayaƙin girki zai fita a ƙarƙashin ƙasa? Wane magini ne zai yarda ya kwana a inda aka ce ƙwarangwal na yawo, kuma nawa zai ce a ƙara masa? Wa zai yi gadi idan masu gida sun yi tafiyar wata biyu? Akwai matattakalar nan da ta nutsa ƙasa wadda ba su taɓa bi ba. Wataƙila dodannin da suka kora su ne suke tare bakin wani abu da ya fi su muni. Akwai jikan wanda ya haƙa wurin, riƙe da takardar gado. Akwai mutanen ƙauye da za su fara kawo ƙara da gaisuwa, domin a wurinsu mai ganuwa shi ne mai alhakin tsaro, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Abu ɗaya nake roƙon 'yan'uwana masu jan wasa: kada a mai da gidan abin azabtarwa. Idan duk fitar da suka yi sai sun dawo sun tarar an ƙone rumbu, za su daina ƙaunar wurin, su koma yawo. A bar su su dawo su tarar da tuwo da zafi, an gama sabon soro, yaran ƙauye suna wasa a inda dā ba mai iya wucewa. Sai wurin ya shiga ransu, sannan hari guda ɗaya zai yi nauyin goma.

Ba zan ɓoye ba, dokokin yaƙin runduna da ke ƙarshen littafin sun ɗan yi ƙaranci, kuma kamfaninsa na MCDM ya faɗaɗa su a littafi na biyu, Kingdoms & Warfare, a 2021. Wasu ƙarfafan da matsuguni ke bayarwa ma sukan yi yawa, sai mai jan wasa ya sa ido. Wannan bai rage mini ƙaunarsa ko ƙwayar zarra ba. A 2024 kamfanin Wizards of the Coast, mai buga wasan, ya saka tsarin matsuguni mai suna Bastion a sabon littafin jagoran wasa, inda jarumi ke samun nasa tun daga mataki na biyar. Na yi murna ƙwarai da ganin haka, amma Colville ya riga su da shekara shida, kuma nasa ya fi ɗumi da rai.

Idan kana jan wasa, nemi Strongholds & Followers, ka fara karanta labarin Castle Rend kafin komai. Ranar da 'yan wasanka suka tsaya a tsakiyar kufai suka ce nan ne gidansu, ka miƙa musu taswirar da fensir, ka tambaye su a wane ɗaki za a sa murhu.