Ƙafar keke da hannun mai ɗaurinta a ƙasar Ƙonni

Ran Laraba, ranar kasuwar Birnin Ƙonni, wanda ya tsaya bakin titi da hantsi zai ga kekunan da aka ɗora wa kayan jaki: buhun albasa daga wajen Galmi, jarkoki, damman karan dawa. Idon mutane na kan kayan. Abin da ke ɗauke da su kuwa wayoyi ne sirara 36 a kowace ƙafa, ko 40 a baya da 32 a gaba in tsohon Raleigh ne ƙirar Ingila.

Waya guda ba ta iya tokare komai, yaro ma sai ya lanƙwasa ta. Ƙarfin ƙafar daga ja yake fitowa. Kowace waya tana jan gare zuwa cibiya, 'yar'uwarta ta ɗaya gefen tana ja, har ƙafar ta tsaya cak. In aka ɗora kaya, wayoyin da ke ƙasa ne ke ɗan sassautawa, kuma wadda tun farko ba a ɗaure ta da kyau ba takan saki gaba ɗaya a kowane juyi, ta yi ta motsi har ta karye a gwiwarta, daidai inda ta shiga cibiya. Giciye wayoyin da ake yi dabara ce da James Starley ya fito da ita a Coventry a 1874, kuma ita ce har gobe ake koya wa yaran shago daga Malbaza zuwa Illelar da ke wajen Tawa.

Nan ne nake ganin gwanintar masu gyaranmu. Akasarinsu ba su da injin auna ja. Mai gyara zai kifa keken bisa sirdi, ya juya ƙafar, ya kafa babban yatsa kusa da gare yana jin inda ta goce. Ya ɗan matsa nan, ya sassauta can, rubu'in juyi kawai. Sannan ya kaɗa wayoyin ɗaya bayan ɗaya kamar mai gwada tsirkiyar gurmi; wadda ta yi bam da sauran, ita ce mai laifi. A kekuna irin su Phoenix na Sin da Hero na Indiya, masu birkin sanda, aikin ya fi wuya, domin birkin cikin gare yake kamawa. Ƙafar da ba ta kewaye daidai ba, birkinta fizga zai riƙa yi, ko da ba ta karkata hagu ko dama ba.

Sai dai akwai abin da ke damuna, kuma ba laifin mai gyara kaɗai ba ne. Mai keke zai zo ya ce, “Maigida, sa mini guda dai, sauri nake.” A sa sabuwa guda cikin tsofaffin da suka gaji, bayan sati wata ta karye. Wasu kuma sun ɗauka kaurin waya shi ne magani, sai su bar mai milimita 2 su nemi mai 2.6. In garen siriri ne, waya mai kauri ramin take tsagawa. Waya mai tsawo fiye da kima kuma ta leƙo ta huda tayar ciki.

Zaɓin kaya ma ba kullum yake hannun mai gyara ba. Da yawa daga Kano da Sakkwato suke shigowa ta ɗaya Illelar, ta Najeriya, wadda ke fuskantar Ƙonni. Da aka rufe iyaka a 2019, da kuma bayan juyin mulkin 2023, abin da ke shago da shi aka riƙa aiki, ko wayoyin da aka kwance daga matacciyar ƙafa.

Yaran shago yanzu hankalinsu na kan babur, can kuɗin yake, ban kuma ga laifinsu ba. Amma kabu-kabun da ke yawo Tsarnawa da Ƙonni, da yawansu ƙafar waya gare su, masu ita kuma har yau wurin dattawa masu gyaran keke suke kai ta in ta goce.