Dutsen Mora a Littafin Moberly: Su Wane Ne "Jamusawan"?

Littafin da Janar F. J. Moberly ya wallafa a 1931 bisa yaƙin Togo da Kamaru shi ne tarihin da Gwamnatin Ingila ta sa aka rubuta, har wa yau kuwa a gare shi masu bincike kan fara komawa. Ta wajen kwanan wata da taswira da jerin rundunoni ba mu da abin zargi. Abin da za mu duba a nan shi ne yadda ya ba da labarin yaƙin duwatsun kan iyakar Barno da Adamawa, musamman Dutsen Mora na ƙasar Mandara.

Ga yadda al'amarin ya gudana a taƙaice. A watan Agusta 1914 Kyaftin Fox ya taso daga Yerwa da sojan Nijeriya, ya tarar Kyaftin von Raben ya bar garin Mora ya hau dutse da kamfaninsa. Aka kai hari, aka kasa. Faransawa suka zo daga Fort Lamy, aka kewaye dutsen. Garwa ta faɗi a watan Yuni 1915. Janar Cunliffe da kansa ya gwada Mora a watan Satumba, bai ci ba, ya juya kudu ya ci Dutsen Banyo a Nuwamba, inda masu tsaro suka riƙa gangaro da duwatsu da nakiya a kan masu hawa. Mora ba ta sallama ba sai 18 ga Fabrairu 1916, bayan sauran rundunar Jamus ta tsallaka ƙasar Sifaniyawa can bakin teku. Watau wajen wata goma sha takwas ke nan.

To, su wane ne suka riƙe dutsen? Mai karatu da ya bi irin wannan littafi zai riƙa cin karo da "Jamusawa" da "abokan gaba", har ya zaci rundunar Turawa ce. Alhali kuwa mutanen von Raben kimanin ɗari biyu ne, Turawan cikinsu ba su kai ashirin ba. Sauran duk baƙar fata ne, waɗansunsu ma daga ƙasashen da maharan suka fito. Misalin da kowa ya sani shi ne Chari Maigumeri, ɗan Barno, wanda ya yi wa Jamus soja, aka kama shi a Garwa, daga baya ya shiga sojan Nijeriya har ya zama babban samanja, aka kuma sa wa barikin Lokoja sunansa. Mutum ɗaya, tuta biyu. Tarihin da ya kasa jama'a gida biyu, Ingilishi da Jamus, ba shi da wurin ajiye irin wannan mutum.

Haka nan a ɗaya gefen. Turawan zamanin sun saba kiran sojansu "Hausa", ko da mutum Babarbare ne ko Bazabarme, domin Hausa ce harshen bariki. Ga mai nazarin harshe wannan ba ƙaramin abu ba ne: da Hausa aka ba da umurnin hawan Banyo, da ita aka kira wanda harsashi ya kayar. Amma littafin an gina shi ne bisa rahoton hafsoshi, shi ya sa Bature kan mutu da sunansa, soja kuwa da adadi. Ba mu ce Moberly ya ɓoye kome ba. Abin da aka tara masa a ofis shi ya dafa.

Labarin da aka fi so a maimaita game da Mora shi ne na Kirsimetin 1914, sa'ad da aka tsagaita wuta Fox ya aika wa von Raben da kyauta. Labari ne mai daɗi, ya kuwa dace da yadda Turawa ke son ganin kansu. Sai dai mai tsaron dutse ba kyauta ke riƙe shi ba, ruwa ne da hatsi. Hatsin nan kuwa na mutanen dutsen ne da talakawan Mandara, waɗanda runduna uku suka zauna a kan gonakinsu. Sa'an nan aka raba ƙasar ba da shawararsu ba, Mora ta tafi hannun Faransa, Dikwa ta zo hannun Ingilishi, sai a ƙuri'un 1959 da 1961 aka tambayi na wannan gefe inda suke so.

Saboda haka malamin da zai koyar da wannan babi, ko a Kano ko a Karaye da Rogo, ya riƙe Moberly domin kwanan wata, ya gwama shi da littafin Fritz Damis na 1929, wanda ya ba da labarin daga saman dutsen. In ya zo kan kalmar "Jamusawa" kuwa, ya dakata ya tambayi almajiransa ko mutum nawa ne a cikinsu suka taɓa ganin ƙasar Jamus.