Tukunyar kashe gobara ba ta nuna wa 'yan Road Safety ba ce kawai

Jama'ar Kado, yawancinmu bas muke shiga daga tashar Jabi ko Utako in za mu gida Kaduna, Zariya ko Kano. To, a cikinmu wa ya taɓa tambayar direba ina tukunyar kashe gobararsa take?

Doka ta wajabta ta a kowace mota. Amma direbobi da dama na ajiye ta ne saboda 'yan Road Safety kawai. Wata wa'adinta ya wuce, wata allurarta ta bar kan kore, wata kuma tana can ƙarƙashin buhunan kaya a but. Ga jarkar fetur kusa da ƙafar fasinja, ga wayar wuta an naɗe ta da leda, ga ƙofar da ba ta buɗuwa sai yaron mota ya zagayo ta waje. A Hayis kuwa injin yana ƙarƙashin kujerar gaba ne. In tiyon mai ya tsage, wutar daga cikin mota za ta tashi.

Mu fasinjoji ma da namu laifin. Mu ji warin fetur, mu yi gum, wai kada a ce mun cika ƙorafi. In wuta ta kama, sai kowa ya zaro waya yana ɗaukar bidiyo. Mun ga yadda bidiyon gobarar gadar Karu ya zagaya wayoyinmu a watan Maris na 2025, cikin azumi. Wayar da ke ɗaukar hoto ita ce dai ke kiran 112, ko 122 na Road Safety, kuma kyauta ne.

In an ji wari ko an ga hayaƙi, a tsayar da direba ya kashe mota. A fara fitar da yara da tsofaffi, a bar kaya, a yi nisa. Kada a watsa wa wutar fetur ruwa, yaɗa ta yake yi. Yashi ya fi. Mai kira ya faɗi sunan hanya da wata alama ta kusa.

Shugabannin ƙungiyar direbobi, ku da ke karɓar kuɗin lodi kullum, me zai hana a duba tukunya da ƙofa kafin mota ta bar tasha? Mun yi imani da ƙaddara, amma addini bai ce a saki raƙumi da sunan tawakkali ba. Rai amana ne a hannun direba.

Allah Ya kiyaye hanya, amin.