Ɗan Daba A Ƙagaggun Labaran Hausa: Laifin Wa?

Tun daga wajen shekarar 2020 zancen ƙwacen waya da faɗan daba ya mamaye majalisun birnin Kano. Da wuya a zauna a teburin mai shayi ko a ƙofar masallaci bayan sallar isha'i ba a ji labarin wani da aka soka wa wuƙa saboda wayar hannu ba. Duk inda hirar ta zaga, a kan tambaya ɗaya take tsayawa, wato laifin wa? Wasu su ce iyaye ne, wasu su ce 'yan siyasa, wasu masu sayar da ƙwaya, wasu kuma hukuma. Akwai kuma waɗanda suke miƙo yatsa wajen masu alƙalami da 'yan fim. A watan Satumba na 2021 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a cikin fina-finai. Kafin nan, a 2007, an cinna wa littattafan Hausa wuta a Kano bisa zargin suna ɓata tarbiyya. Ke nan mu marubuta muna cikin waɗanda ake tuhuma, don haka ya kamata mu duba mu ga irin amsar da adabinmu ya bayar ga wannan tambaya.

Daba ta girmi littattafan

Da farko dai ba mu yarda cewa littafi ne ya koya wa yaron Kano riƙe wuƙa ba. Masu bincike irin su Abdulkarim Ɗan'asabe da Y. Z. Ya'u sun yi rubutu a kan 'yan daba, kuma abin da tarihi ya nuna shi ne harkar tana da saiwa a cikin ƙungiyoyin 'yan farauta da 'yan tauri na unguwanni. Siyasar jam'iyyu ta shekarun 1950, lokacin NEPU da NPC, ita ta jawo irin waɗannan majiya ƙarfi ta mai da su 'yan banga. A Jamhuriya ta Biyu abin ya ƙara muni, har a tarzomar 10 ga Yuli 1981 aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba Gwamna Abubakar Rimi shawara kan harkokin siyasa, a cikin gidansa. Daga 1986 kuma shirin tsuke bakin aljihu na SAP ya zo, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka shiga rage ma'aikata, da yawa suka rufe daga baya, samari suka cika bakin titi ba aikin fari ba na baƙi. Littafin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino bai fito ba sai farkon shekarun 1990. Wanda ya ce littattafan soyayya ne suka haifi daba, ya ce jika ne ya haifi kakansa.

To amma wanke adabi daga wannan zargi bai isa ya sa mu naɗe hannu ba. Aikin ƙagaggen labari ya wuce a ce bai yi ɓarna ba. Ana sa ran ya haska wa mai karatu abin da ba ya iya gani daga ƙofar gidansa. A nan ne muke ganin akwai magana.

Amsoshi uku daga magabata

Idan muka koma baya za mu tarar marubutan farko ba su guje wa wannan jigo ba, kuma kowannensu ya ɗora laifin a wuri daban.

Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East yana cikin littattafai biyar na farko da Hukumar Talifi ta buga a Zariya bayan gasar 1933. A cikinsa Kyauta ya tashi ɓarawo, har ta kai ga ran mahaifinsa ya salwanta a wata satar da yake ciki. Amma marubutan ba su bar mu da cewa yaron haka Allah Ya yi shi ba. Sun kai mu can baya, inda Malam Shehu ya yi amfani da dukiyarsa ya raba Abubakar da Zainab, shi kuma Abubakar ya shiga duniya neman asirin da zai rama. Ko mutum bai yarda da zancen asiri ba, zai ga hikimar zubin labarin: an shuka laifin tun kafin a haifi mai laifin. Wannan darasi ne babba, cewa ɓarnar yaro tana da tarihi, kuma tarihin yakan fara ne daga zaluncin manya.

A ƙarshen shekarun 1970 Abdulƙadir Ɗangambo ya fitar da Kitsen Rogo, inda ya ɗora alhakin a kan ruɗin birni. Saurayi ya baro ƙauye yana hangen daula, birni ya haɗa shi da miyagun abokai, ya lalace. Littafin ya dace da zamaninsa, lokacin da kuɗin man fetur ke janye matasa daga gona. Sai dai wannan amsa ba ta wadatar da mu yanzu, domin da yawa daga 'yan daban Kano ba baƙi ba ne. A cikin birni aka haife su, a nan aka yanke musu cibiya, kuma babu wani ƙauye da za a ce su koma su shiryu.

Na uku shi ne Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya fito a 1982. A ganinmu har yanzu ba a rubuta littafin Hausa da ya tunkari ta'addanci da ƙarfin zuciya kamarsa ba. Mailoma ya fito ne daga yaƙin basasar da aka yi daga 1967 zuwa 1970, ya ƙware a kisa, aka gama yaƙi ya ci gaba da sana'ar da ya koya, ya kafa ƙungiya ta makamai da miyagun ƙwayoyi. Gagare bai yi wa tauraronsa kwalliya ba, bai kuma nemi mu tausaya masa ba. Abin da ya yi shi ne ya nuna cewa ɓarna irin wannan tana da tsari, tana da shugabanni da yara da hanyar samun kuɗi. An soki littafin da yawan zubar da jini, kuma akwai wuraren da sukar ta yi daidai, domin wani lokaci kisan yakan zo ne don burge mai karatu. Duk da haka wanda ya karanta shi zai tashi da fahimtar cewa mai riƙe da makami shi ne ƙaramin ma'aikaci a cikin harkar.

Ɗan daba ɗan haya

Idan muka zo kan littattafan da suka cika kasuwa daga shekarun 1990, waɗanda Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano, da kuma waɗanda ake sakawa a intanet yanzu, za mu ga ɗan daba yana nan birjik, amma a matsayin kayan aiki. Kishiya ce za ta ɗauko shi ya tsorata amarya, ko Alhaji ya turo shi ya lakaɗa wa saurayi talaka duka. Yakan shigo a babi na goma da jajayen idanu da tabo a fuska, ya yi magana da muryar 'yan shaye-shaye, ya karɓi kuɗinsa ya fita. Ba shi da uwa, ba shi da unguwa, ba a san inda yake kwana ba. Sau da yawa ko sunan yanka ba a ba shi, sai laƙabi mai ban tsoro. Marubucin da zai ɓata shafi uku yana siffanta falon Hajiya da irin labulenta, ba zai ba ɗan daba layi uku na tarihi ba.

Inda aka yi ƙoƙarin mai da shi tauraro kuma, sai a bi gajeriyar hanya. Ko dai a ce 'yar uba ce ta yi masa asiri, ko a ce mahaifinsa ya saki uwarsa, shi ke nan an gama bayani. A ƙarshe ya haɗu da wata kyakkyawar yarinya mai addini, ko ya ji wa'azi sau ɗaya, ya fashe da kuka, ya tuba, a ɗaura aure. Ba mu musun cewa mutuwar aure tana jefa yara cikin gararamba. Balaraba Ramat Yakubu ta nuna wahalar matar da miji ya kora da 'ya'yanta a Alhaki Kuykuyo Ne, kuma ta nuna ta da gaske, da lissafin abinci da kuɗin makaranta. Abin da muke suka shi ne a mai da wannan dalili makullin da ke buɗe kowace ƙofa. Gidaje nawa ne aure ya mutu a cikinsu amma yaransu ba su ɗauki wuƙa ba? Me ya bambanta wannan yaro da ƙaninsa da ya zama tela? Nan ne labarin yake, kuma nan ne ake tsallakewa.

Ita ma tubar da ake rufe littafi da ita tana da matsala. A 2023 rundunar 'yan sandan Kano, ƙarƙashin Kwamishina Muhammad Usaini Gumel, ta yi kira ga 'yan daba su ajiye makamai, kuma da dama sun amsa. Ga marubuci mai lura, ranar ajiye makami ita ce farkon labari. Wa zai ɗauki tubabben aiki? Wane gida zai ba shi 'ya? Yaya zai yi da abokan gabar da ba su tuba ba, waɗanda suka san lungun gidansu? Yaya zai haɗa ido da uwar yaron da ya sara? Littafin da ya tsaya a kan hawayen tuba ya bar mai karatu da tunanin cewa maganin abin yana da sauƙi, alhali kuwa ba haka ba ne.

Waɗanda ba a gani a shafi

Babban raunin waɗannan littattafai shi ne mutanen da ba sa fitowa a cikinsu. Wayar da aka ƙwace da daddare, da safe wani mai shago ne zai saye ta, wani ya goge abin da ke cikinta, wani ya sake sayar da ita ga mutumin kirki da bai tambayi asalinta ba saboda arha. Ƙwayar da yaron ya sha ba shi ya ƙera ta ba. A 2018 binciken da BBC ta yi a kan maganin tari mai kodin ya nuna yadda yake fita daga hannun ma'aikatan kamfanoni zuwa kasuwar bayan fage, har Gwamnatin Tarayya ta hana yin sa da shigo da shi. Haka nan akwai mai gidan da ke raba kuɗi da makami a lokacin zaɓe, in an kama yaro ya aika a yi belinsa, in zaɓe ya wuce ya daina ɗaukar wayarsa. Duk waɗannan suna sa manyan riguna, ana gaishe su a unguwa. Hausawa sun ce ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yawancin littattafan sun tsaya a kan ɓeran.

Mun san akwai dalili. Ɗora laifi a kan 'yar uba ba ya jawo wa marubuci fitina, amma taɓa mai riga yana iya jawowa. Ga kuma tsoron masu tacewa, waɗanda sau da yawa ba sa bambanta nuna ɓarna da tallata ta. Sai dai dokar da ta hana a nuna ƙwacen waya ba ta hana a ƙwace ta a titi ba. Abin da ya kamata a tambayi littafi shi ne, da ya nuna ɓarnar, ya nuna farashinta? Ya kai mu gidan makoki da gadon asibiti, ko kuwa ya tsaya a kirari da burga?

Shawara ga sababbin marubuta

Ga 'yan'uwa masu tasowa da ke son taɓa wannan jigo, shawararmu ita ce a fara da bincike kafin a ɗauki biro. Zaman kotu a buɗe yake ga kowa, a je a saurari shari'a ko da sau biyar ne. A zauna da masu unguwanni da 'yan sintiri da malaman makarantun allo, a ji ta bakin iyaye mata, na wanda ya yi sara da na wanda aka sara. A ba ɗan daba suna da gida da abin da yake so da abin da yake tsoro, ba don a wanke shi ba, domin wanda ya soki ɗan'uwansa shi zai amsa a gaban alƙali da gaban Ubangijinsa. A yi haka ne don mai karatu ya gane cewa yaron maƙwabcinsa ne, kuma akwai ranar da da an riƙe hannunsa da bai kai nan ba. Sannan a bi kuɗin, a ga aljihun da suke ƙarewa.

Marubuci ba ɗan sanda ba ne, ba kuma alƙali ba. Amma idan jama'a suka tambayi laifin wa, shi ne ya fi kowa damar jero dukkan masu hannu a cikin shafi ɗaya, babba da yaro, kowa da gwargwadon kasonsa. Gagare ya gwada a 1982. Muna jiran wanda zai rubuta mana na Kanon wannan zamani. Allah Ya zaunar da garuruwanmu lafiya, Ya shirya mana zuriya, amin.